Buhun Masarar Sista Hajara

Magana biyu ke yawo a gidan nan game da shekarar da mahaifiyarku ta rasu. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma duk sun iso kunnena. Ta farko, wai an kore ni daga asibiti ne saboda na yi rigima da likita a kan kuɗi. Ta biyu, wai buhun masarar da nake aika wa Sista Hajara duk kaka toshi ne, aure nake nema. Na san bakin da ta biyun ta fito, na innarku Talatu ne, ƙanwar mahaifiyarku, wadda tun tana yarinya ba ta da aikin da ya wuce tsokanata. Ta farkon ban san mai ita ba. Duk biyun ba gaskiya ba ne. An kore ni kam, wannan ya faru, amma ba a kan kuɗi ba. Ga yadda abin yake.

Ciwon ya fara wa mahaifiyarku ne ana tsakiyar kaka, lokacin da ba na wuni a Tudun Wada, kullum ina ƙauyukan Doguwa ina sayen masara a bakin gona. Tari ne da zazzaɓi, ga ciwon sugan da take fama da shi tun da daɗewa. Ta ɓoye min, kamar yadda ta saba, har sai ranar da na shigo na tarar ta kawo min ruwa tana dafa bango. Muka kai ta asibitin garinmu, likita ya duba ya ce huhu ne, abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, mu wuce Kano. Har yau in na bi ta Kwanar Dangora sai na tuna da sautin numfashinta a bayan mota, kanta a cinyar Talatu, kamar ana yaga sabon buhu a hankali.

Mu dai kun san yadda muke jinya. Mara lafiya na kan gado, nasa na ƙasa a kan tabarma. Wani na fifita, wani na ba da kunu a cokali, wani na tofi. Nas ta zo ta yi allura ta wuce, sauran aikin namu ne. Da wannan shirin muka je: tabarma, bargo, fulas biyu, kwanon sha, da kwalbar rubutu. Sai aka tura gadonta ta wata ƙofar gilashi, aka ce ɗakin kulawa ta musamman ne, wata nas doguwa mai tabarau ta tare mu. Ita ce Sista Hajara. Daga jin Hausarta na san 'yar wajenmu ce, daga baya na ji 'yar Dangora ce.

"Alhaji, a yi haƙuri. Nan ba a shiga da kaya, kuma majinyaci ba ya zama."

Na ce, "To wa zai yi jinyar tata?"

Ta ce, "Mu."

Kalma ɗaya, ba faɗa ba raini, amma sai na ji kamar an karɓe min makullin sito. Muka shimfiɗa tabarmarmu a ƙarƙashin wata darbejiya, ni da Talatu da 'yar'uwarku Hauwa, muka zama masu jiran a kira.

Bayan la'asar ake barin mutum ɗaya ya shiga na ɗan lokaci. Sai ka cire takalmi, ka wanke hannu, a sa maka koriyar riga da takunkumi a baki. Ranar farko da na shiga ban gane mahaifiyarku ba sai da aka nuna min. Matar da ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali a gaban baƙo ba, ga ta kwance da wata 'yar hula kamar ta takarda. Tiyo ya shiga bakinta, wata na'ura a gefe tana hura mata iska, ƙirjinta na tashi yana sauka ba da ikonta ba. Wayoyi a ƙirji, wani abu ya matse ɗan yatsa, allura a wuyan hannu. A saman kanta akwai allo kamar ƙaramin talabijin, da layuka masu gudu da lambobi kala-kala. Ɗakin sanyi ƙalau, kuma ba ya shiru. Nan ƙara, can ƙara, kamar an tara 'yan tsaki a kwali.

Ni ba baƙon na'ura ba ne, kuma ba masoyinta ba. Masu sayen masara na kamfani suna zuwa da wata aba da suke cusawa a buhu ta gaya musu danshi. Ni ƙwaya ɗaya nake ɗauka in sa a haƙori, kafin tasu ta gama tunani na faɗi farashi. Amma akwai na'ura ɗaya da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ita ce sikeli. Mutum zai rantse maka buhu ya cika, ka ɗora, allura ta tsaya inda ta tsaya, magana ta ƙare. Da wannan idon na kalli allon da ke kan mahaifiyarku. Na tambayi Sista ma'anar lambobin, ta nuna min: wannan hawan jini, wannan iskar da ke jininta, wannan koriyar ta sama kuma bugun zuciya. Koriyar na riƙe.

Na lura Sista ba ta yawan tsayawa a bakin gado. Akwai tebur a tsakiyar ɗakin da wani babban allo, daga nan take ganin marasa lafiyarta duka. Wata ƙarar ta tashi ko waiwaye ba ta yi, wata kuma kafin ta yi sau biyu ta iso. Na kasa haƙuri na ce mata, "Sista, mara lafiya kuke jinya ko talabijin?"

Ta yi dariya a cikin takunkuminta. "Duka biyun, Alhaji. Sa'ad da na fara aiki, da yatsa nake ƙirga bugun jijiya, ina kallon agogo. Kafin in zagayo kan na ƙarshe, Allah kaɗai ya san halin da na farko yake ciki. Yanzu ko ƙiftawa zuciyar Hajiya ta yi ina gani daga can. Illar abin, yaran da muke koyarwa wani lokaci sai na ce musu, ku sauke ido ku dubi mutum. Na'ura kan yi ihu don waya ta goce kawai. Takan kuma yi shiru alhali fuska ta canza."

Maganarta mai hankali ce, na yarda. Amma ba ita ta tsaya min a rai ba. Abin da ya biyo baya ne. Ta matsa kusa da kunnen mahaifiyarku ta ɗaga murya:

"Saude! Saudatu! Buɗe ido. Matse min hannu in kina ji."

Ku kun sani sunan mahaifiyata gare ta. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Da muna yara "ke" nake ce mata, da ta sauke farali ta zama Hajiya. Ga wata da ba ta san ta ba sai shekaranjiya tana kiran sunan gatsal, tana shafa mata goshi, tana riƙe da hannunta. Ina kallo koriyar lambar nan, da take zaune a tamanin da 'yan kai, ta fara hawa, ta haura casa'in. Yatsun Hajiya suka motsa a cikin hannun Sista.

"Yawwa, 'yar gari! Alhaji, matso ka gaishe ta, tana ji."

Na matsa, na tsaya a ƙafar gado kamar yadda mutum mai mutunci yake tsayawa, na ce, "Hajiya, sannu. Ya jiki? Allah ya sawwaƙe."

Na ɗaga ido. Lambar ta sauka ta koma inda take, ta zauna. Na sake gaisuwa. Ko gezau.

Washegari haka, wanshekare haka. Rannan na bar wa Talatu layi ta shiga. Ta fito tana share hawaye, amma bakin nan nata bai mutu ba.

"Mijin Yaya, ashe talabijin ɗin ya san mutane! Ina cewa 'Yaya, ni ce Talatu,' sai ga lamba ta yi sama. Kai da ka shiga nawa ta ba ka?"

Na ce, "Ban duba ba."

"Kai ɗin? Mutumin da ko goro aka ba shi sai ya jinjina nauyinsa? Faɗi gaskiya dai, an ɗora ka a sikeli an ga dusa ce."

Hauwa ta ce, "Haba Inna, a asibiti ma?" Suka yi 'yar dariya, irin ta waɗanda suka gaji da kuka. Ni ma na yi, amma maganar ta shige ni har ƙashi.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba, kishi ne. Ban taɓa sanin namiji mai furfura zai iya kishi da ƙarfe da waya ba sai a lokacin. Ina kishin na'urar da ke ba ta numfashi, ni da nake taƙamar ban taɓa barin ta ta nemi komai a wajen wani ba. Ina kishin allon da ya san abin da ke cikin ƙirjinta. Fiye da duka ina kishin Sista Hajara, wadda ke juya ta, ta goge mata jiki, ta ɗiga mata ruwa a leɓe, ta fito ta ba ni labarin matata kamar ni ne baƙo: yau Hajiya ta ɗan yi gumi, Hajiya ba ta son a kwantar da ita ta hagu. Na sani ba ta son hagu! Shekara talatin da wani abu na sani. Mu auren da iyaye suka haɗa ne, ba mu taɓa zama mun yi irin maganganun da kuke yi da matanku a waya ba. Ban taɓa tambayarta ba, ba ta taɓa faɗa ba, kuma ban taɓa jin ina bukatar a faɗa ba. Sai ga sikeli an rataye a kanta, kowa ya zo ya hau ya ga nauyinsa, ni kuwa allura ba ta motsi.

Sista ta gane, don mace ce mai ido. Ta ce min, "Alhaji, lambar nan ba ta auna abin da kake nufi. Ko allura na soka mata za ta hau. Ni ihu nake yi a kunnenta, kai kuwa kana can ƙafar gado kana magana a cikin takunkumi kamar mai gaida hakimi. Zo ka riƙe hannunta."

Na dubi ɗakin. Nas-nas huɗu ko biyar, da wani likita saurayi sa'anku, ga gilashi ta ko'ina. Na ce, "Mu ba mu saba haka ba."

Ta ce, "To. Amma ka sani mun fara rage mata maganin barci, muna so mu gwada ko za ta iya numfashi da kanta. Tana tsakanin barci da farkawa. Duk abin da za a yi, a yi shi a hankali, kar a firgita ta."

Ta faɗa min, na kuma ji. Ina so ku riƙe wannan, don kar wani ya ɗora mata laifi.

Kun tashi kun ga ba na shiga gida kai tsaye. In na dawo daga kasuwa nakan tsaya a soro in yi gyaran murya sau biyu, in karkaɗa makullan sito, sannan in yi sallama. Haka mahaifina yake yi, don in akwai matan maƙwabta a tsakar gida su kimtsa. Ita kuwa Hajiya, duk abin da take yi, ko tuƙin tuwo ne ko barcin rana, tana jin wannan za ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ɗebo ruwa a randa. Kafin in zauna kwano na gabana. Ban taɓa ce mata ta yi ba. A ƙarƙashin darbejiyar nan na zauna ina juya abin a raina kamar yadda nake juya ciniki. Na ce, gaisuwar dubiya kowa na yi, ba ta san ta da ni ba. Abin da ta san ni da shi daban ne. Na san an ce kar a firgita ta. Na auna, na ce gyaran murya ai ba ihu ba ne. Da la'asar na sa makullan a aljihun wando, aka ɗora min koriyar riga a kai.

Sista na can wajen babban allo. Na tsaya nesa kaɗan da gadon, kamar tazarar soro da tsakar gida. Na yi gyaran murya sau biyu. Na karkaɗa makullai.

Lambar ba hawa ta yi ba, tsalle ta yi. Ta wuce ta Sista, ta wuce ta Talatu, ta haura ɗari ta ci gaba. Idon Hajiya ya buɗe tar. Hannunta ya tashi ya nufi kai yana laluben ɗankwali, ɗaya hannun ya dafa katifa, tana ƙoƙarin tashi. Allurar wuyan hannu ta fizge, jini ya feso a kan zanen gado, gwiwar hannunta ta ja tiyon bakinta. Duk na'urorin suka ɗauki kururuwa lokaci guda. Ban ga sa'ad da Sista ta taso ba, sai ganinta na yi ta danne kafaɗar da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe tiyo, tana cewa, "Kwanta, Saude, kwanta, ba komai!" tana kiran likita. Wani ya ja ni ta baya har waje.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A daidai lokacin da jinin ke zuba, idona na kan koriyar lambar, kuma abin da na ji a ƙirjina daɗi ne. Tsoro ya zo daga baya, ya zo da yawa. Amma daɗin ne ya riga shi.

Suka gyara komai, ba abin da ya lalace. Shugabar nas-nas ta kira ni ofis, dattijuwa ce mai kaifin harshe. Ta tambaye ni ko tari ne ya sarƙe ni. Da na ce e, da magana ta wuce. Ni kuwa ban iya sayar da jiƙaƙƙiyar masara da sunan busasshiya ba. Na ce da gangan na yi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ba zan sake shiga ba sai an fito da ita ɗakin kowa da kowa, Hauwa ta riƙa shiga a madadina. Korar ke nan. Ba a ambaci ko kwabo ba.

Bayan 'yan kwanaki aka cire mata tiyo, ta riƙe numfashinta da kanta. Talatu har da guɗa a ƙarƙashin bishiya, mai gadi ya zo ya tsawatar. Aka ce in ta kwana lafiya za a fito da ita. Na shiga kasuwa na sayo ɗankwali sabo, don kar a turo ta gaban mutane da hular takarda. Washegari da hantsi ina zaune da shi a leda a kan cinyata, sai na ga Sista Hajara ta fito ta nufo mu, ta cire takunkumi. Ban taɓa ganin fuskarta duka ba sai ranar. Ta durƙusa a bakin tabarma. Nan na san Hajiya ta cika.

Likita ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe hanyar huhu, abin da kan sami wanda ya daɗe a kwance. Na tambaye shi ido da ido ko abin da na yi ne ya jawo, ya ce a'a. Na sake tambayar wani likitan daban, shi ma ya ce a'a. Wa'adi ne. Amma ga abin da gyaran muryata ta jawo. Da safiyar nan Hajiya ta farka sarai, hankalinta garau. Sista ta je ta roƙa a bar ni in shigo ko ba lokacin dubiya ba, kamar yadda ake yi wa mazan wasu. Aka ce, wannan Alhajin dai a bari likita ya gama zagaye tukuna. Kafin ya gama, an gama.

Bayan sadakar uku Sista Hajara ta zo gaisuwa har Tudun Wada. Na ce ta gaya min komai, kar ta rage.

"Muryarta a dishe take saboda tiyo, sai da na kai kunnena bakinta. Ta ce, 'Na ji shigowarsa. An kai masa ruwa?' Na ce an kai, Hajiya. Ta ce, 'Ba na firji ba. Na randa yake sha.' Sai ta dafe ƙirji. Muna ta ƙoƙari, ni ina wajen kanta ina laƙƙana mata kalmar shahada. Leɓenta ya bi, Alhaji. Na gani da idona."

Na ce, "Duk na'urorin nan naku, ba wadda ta naɗi muryar?"

Ta ce, "Babu. Bugun zuciyarta duk yana ajiye, tun daga ranar da aka kawo ta. Har wurin da ka yi gyaran murya zan iya nuna maka. Amma magana ba ta ɗauka."

To kun ji asalin buhun. Duk kaka nakan zaɓi masarar da na fasa da haƙorina, in sa a kai mata Dangora gidan iyayenta. Ita kuma in ta zo hutu sai ta biyo godiya, mu zauna a soro, Talatu na leƙe tana watsa labari. Abin da muke yi ɗaya ne: sa ta nake ta maimaita min maganar. Tana haƙuri da ni, Allah ya saka mata. Wata shekarar takan ce "an ba shi ruwa," in ce a'a, bara "an kai masa" kika ce. Sai ta ce, "Haka ne, Alhaji, an kai masa." Ina ganin girmanta, ina yi mata addu'a, kuma ko bayan raina ban yarda ku yanke buhun nan ba. Amma kar ku zaci kishin ya tafi. Duk sanda ta buɗe baki sai na dubi kunnenta na dama, wanda ta ce shi ta kai.

Tun ina ɗaukar buhu a ka har na mallaki sito, ban taɓa yarda in sayi kaya a hannu na biyu ba. Gona nake zuwa, in karɓa daga hannun mai shi. Maganar nan kaɗai ce, wadda aka yi domina, na karɓa daga bakin wani.